Yadda Goshin Adda Rabi'atu Ya Koma Ƙasa

Godiya ta tabbata ga wanda ya gina jikin ɗan Adam gaɓa bisa gaɓa, ya sanya masa mahaɗai domin ya iya lanƙwasawa gare shi. Tsira da aminci su daɗa tabbata ga shugaban masu sujada, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan labarin maƙwabciyarmu ne, Adda Rabi'atu ta Rugar Barau, ɗan ƙauyen da ke gefen hanyar Kiyawa idan an baro Dutse. Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta karantar da kowa ba. Fura da nono ta sayar har ƙarfinta ya ƙare. Amma na ga wani abu a rayuwarta wanda na ji tsoron kada ya tafi tare da mu da muka gan shi, don haka na rubuta shi saboda jikokinta.

Iyayenta makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa bukka kusa da gonakinmu, bukkar ta zama ɗakin ƙasa, ɗakin ya zama gida. A nan ta tashi, a nan aka aurar da ita ga ɗan baffanta, Sale, wanda yau yaro da babba ke kira Baffa Sale. Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya, har mata ke cewa wanda ya jera da Rabi'atu zuwa kasuwa ya shirya haki. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ta cika da ma'aikatan da suka baro iyalansu a Kano, sai ta riƙa ɗora ƙwarya a kan gammo tana kai musu fura har unguwar Takur. Sun san ta da tsabtar ludayi da ƙin tsarma nono da ruwa.

Mu kuwa maƙwabta da wani abu daban muka san ta. A kusurwar tsakar gidanta, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ta kewaye wani ɗan wuri da duwatsu, ta zuba masa farin rairayi da take ɗebowa daga rafi da kanta. Nan take salla. Ba ta son tabarma ko darduma ta shiga tsakanin goshinta da ƙasa, kuma idan ta yi sujada takan daɗe, har kaji su saba da ita su riƙa kiwo a gefenta. An taɓa tambayarta dalili, ta ce ita ba ta da karatu mai yawa, abin da take da shi kawai shi ne ta san inda ake jin ta.

Sai Allah ya jarrabe ta da maƙoƙo. Da farko ɗan kumburi ne a wuya wanda mayafi ke rufewa, sannu a hankali ya girma har ya fara danne mata numfashi idan ta kwanta. Aka yi rubutu, aka yi saiwoyi, bai sauka ba. Daga ƙarshe Baffa Sale ya kai ta wani asibiti a Kano, aka yi mata aiki aka cire shi. Kafin a sallame su likita ya yi musu bayani cewa abin da aka cire yana da aiki a jiki, shi ne kamar mai hura wutar murhu, kuma tunda babu shi, wata 'yar farar ƙwaya wadda ba ta fi ƙwayar dawa girma ba za ta tsaya a madadinsa. Za ta sha ta kowace safiya har ƙarshen rayuwarta, da ruwa, tun ba ta sa komai a ciki ba.

A nan ne Baffa Sale ya yi wani tunani wanda ba wanda zai yi shi sai mutumin da ya tashi a bayan saniya. A wurinsu nono shi ne abinci, shi ne magani, shi ake ba baƙo, shi ake ba mai jego, shi ake ɗura wa wanda ya sha dafi. Kuma sun gada daga iyaye cewa maganin asibiti yana da kaifi, idan ya sauka a cikin da babu komai sai ya ci hanji. Da ya ji likita ya ce ruwa, sai ya ɗauka tausayi ne irin na mai ilimi: ya san ba kowa ke da saniya ba, shi ya sa ya faɗi abin da talaka zai iya samu. Ya ce a ransa, matarsa dai ba za ta sha magani da ruwa kamar marar gata ba, alhali akwai shanu a turke.

Tun daga ranar da suka dawo, shi ya karɓi tatsa, aikin da a rugarsu na mata ne. Kowace safiya yakan dama fura da kindirmo mai kauri, ya ƙara madara mai ɗumi, ya ɗora ƙwayar a tafin hannunsa ya kai mata har bakin ɗaki. Abokinsa Lado ya same shi wata rana tsugune a gindin saniya da ƙwarya tsakanin gwiwoyi.

“Sale, ashe abin ya kai haka? Saura me, ka ɗaura zane ka nufi Takur?”

Baffa Sale bai ɗago ba ya ce, “Idan ta ce in tafi, gammo kawai za ka ara mini.”

“Wallahi Adda ta gama da kai.”

“Ta daɗe da gamawa, kai ne labari bai iso maka da wuri ba.”

Rauni ya warke, numfashi ya dawo, amma sai wani abu ya fara bayyana. Rabi'atu siririya ta fara yin jiki. Awarwaron da ke hannunta tun na aure ya matse har sai da maƙeri ya yanke shi. Mutanenmu kuwa, kamar yadda aka sani, ƙiba a wurinsu alamar hutu ce da wadata, saboda haka babu wanda ya yi mata jaje, barka aka riƙa yi mata. A wani taron suna mata suka kewaye ta.

“Kai, Adda! Wannan kyau haka? Ko Baffa ya sayar da bijimi ne ba mu ji ba?”

“Ku bar ta, amarci ta koma. Mu da ba a dama mana fura sai mu ci gaba da bushewa.”

Ta yi murmushi ta ce, “Ku dai yi dariyarku. Mai kallon rumbu daga waje bai san abin da gara ta yi a ciki ba.”

Suka ɗauka wasa ne, domin ita mace ce mai kunya irin ta mutanenta, ba ta faɗin ciwo. Alhali tare da ƙibar nan gaɓoɓinta sun fara ciwo: wuyan hannu, kafaɗu, musamman gwiwoyi. Tafiyar Takur ta gagara. Abin mamaki kuma, ciwon yana da lokaci. Da damina, lokacin da ciyawa ta yi yawa shanu suna gida, sai jikinta ya yi nauyi, gwiwoyi su ƙage. Da rani, idan 'ya'yanta maza sun kora garke kudu neman ciyawa, gida ya zama babu nono sai ta haɗiyi ƙwayarta da ruwan randa, sai ta ji sauƙi, har ta koma kan rairayinta. Kowa ya ce ai sanyin damina ne, kuma wa zai yi musu? Ni ma haka na ce.

Baffa Sale shi abin da ya dame shi daban ne. Ganin matarsa tana shan magani da ruwa tsawon rani yana sosa masa rai, yana ganin gazawarsa ce. Saboda haka wata shekara da garke zai tafi, ya ware wata farar saniya mai yawan nono da suke kira Kyauta, ya ce wannan ba za ta je ko'ina ba. Riƙe saniyar tatsa a gida da rani a ƙasarmu ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da kaka ya tara harawa ya ɗora a kan bishiya, ya bi gidaje yana neman dusa, ya riƙa jan ruwa a rijiya da tsakar rana, shi da furfurarsa. Kyauta ba ta ƙafe ba, ƙwaryar safe ba ta yanke ba ko sau ɗaya. A wannan shekarar kuma sauƙin rani bai zo wa Rabi'atu ba. Bai sake zuwa ba.

Wata rana suka zo zauren da nake karantarwa, ita ta fara shigowa tana dafa bango, ta zauna ta miƙe ƙafafu gaba domin ba sa naɗuwa, ta ja mayafi ta rufe su don kunya. Mijinta ya zauna daga bakin ƙofa.

“Allah gafarta Malam, tambaya na kawo. Goshina ya daina kai wa ƙasa. Idan na durƙusa, sai an ɗaga ni.”

Na faɗa mata abin da malamai suka tabbatar, cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa sujada ya yi nuni da kansa, kuma ladansa cikakke ne ba a rage masa komai, domin Ubangijin da ya ɗora farilla shi ne ya saukar da rangwame. Ta saurara har na gama.

“Na ji hukunci, Malam, kuma na yarda. Amma goshina bai ji ba.” Ta dafa gwiwarta. “Tun da na fara shan ƙwayar nan jikina ya zama ba nawa ba. Ita ta kawo ƙibar, ita ta kama gwiwar. Idan na bar ta, na yi laifi?”

Na ce mata rai amana ne, kuma ba a ajiye magani irin wannan sai da sanin waɗanda suka ba da shi. Na roƙe ta ta koma asibiti. Ta ce to. Amma irin “to” ɗin da ake faɗa wa babba ne don girmamawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, mata suka yi ta shiga makarantun matan aure, mu ma muka faɗaɗa masallacinmu muka keɓe musu sashe. Da azumi ya zo, sashen ya cika. Autarta Adawiyya, wadda ke aure a Takur, ta kawo mata kujerar roba don ta samu jam'i. Aka ajiye kujerar a ƙarshen sahu. Daga baya Rabi'atu ta gaya wa 'yarta cewa babu abin da ya fi yi mata ciwo a watan nan kamar lokacin da liman zai yi kabbarar sujada, ta ji sahu gaba ɗaya ya sauka ƙasa, ita kaɗai ta rage a sama tana kallon bayan mutane.

Bayan salla ƙarama, da safe, Baffa Sale ya kawo ƙwarya da ƙwaya kamar kullum. Ta karɓi ƙwaryar, ta naɗe masa yatsunsa a kan ƙwayar.

“Baffan Adawiyya, ka riƙe abarka. Na sha ta shekaru, ta raba ni da ƙasa. Ina so in yi sujada ko sau ɗaya kafin a sa ni a cikinta.”

Ya yi lallashi, ya kira ni na yi nawa, ba ta sauya ba.

Abin da ta nema bai samu ba. Maimakon jiki ya saki, sai ya ƙara nauyi. Fuskarta ta kumbura, muryarta ta dushe ta koma kamar ta namiji, gashinta ya riƙa zuba. Barci ya rinjaye ta har takan yi gyangyaɗi da carbi a hannu. Da bazara ta kama, lokacin da mutane ke neman inuwa suna fifita, ita tana lulluɓe da bargo tana rawar sanyi. Adawiyya ta zo ta gan ta, ba ta nemi shawarar kowa ba ta tafi ta samo mota. Rabi'atu ta ce ba za ta shiga ba sai idan Malam zai je, don ya ji da kunnensa cewa ƙwayar ce ta cuce ta. Haka na bi su.

A wani asibiti a Dutse muka sami wani likita matashi mai suna Misbahu, mai haƙurin sauraro. Ya ɗebi jininta aka aika Kano, ya mayar da ita kan magani nan take, ya ce mu dawo. Da muka koma, ya dubi sakamakon ya ce barin ƙwayar ya kusa kai ta ga halaka. Sannan ya juya ga mijinta.

“Baffa, kafin ta bari, yaya take shan ta?”

Baffa Sale ya gyara zama, fuskarsa ta washe, domin an zo wurin da ba shi da abin kunya.

“Likita, ko kwana ɗaya ban bari ta sha da ruwa ba, sai in babu yadda zan yi. Fura da kindirmo, da madara daga nonon saniya zuwa bakinta. Ko da rani. Tambayi Malam.”

Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Ya yi magana a hankali.

“Baffa, ita wannan ƙwayar ba ta son abokin tafiya. Idan ta haɗu da nono da fura a ciki, sukan riƙe ta kamar yadda laka ke riƙe ƙafar saniya, sai kaɗan daga cikinta ya isa jini, sauran ya wuce. Nauyin jikin nan da ciwon gaɓoɓi da kuke ɗora wa maganin, mafi yawansa rashin isar maganin ne. Mama, akwai lokacin da kika taɓa jin sauƙi?”

Ta ce da dusasshiyar murya, “Da rani. Idan shanu sun tafi.”

“Kullum da rani?”

“Har shekarar da aka bar Kyauta a gida.”

Tana faɗa ta so ta mayar da maganar, amma ta riga ta fita. Na dubi Baffa Sale. Hannayensa, waɗanda igiyar guga ta yi wa kanta saboda saniyar nan, suna kan gwiwoyinsa, yana kallonsu kamar na wani.

Likitan ya ce kada su ɗauka komai zai koma kamar da. Za a riƙa auna jini ana daidaita ƙwayar, domin ita ma idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan tana da nata wahalar, kuma gwiwar da ta ɗauki nauyi shekaru ba ta mantawa gaba ɗaya. Amma ta sha da ruwa zalla da asuba, ta jinkirta nono har rana ta ɗaga.

Da muka iso gida, Baffa Sale bai shiga ɗaki ba, ya wuce turke ya fara kwance Kyauta. Rabi'atu tana dafe da kafaɗar Adawiyya ta tsaya.

“Ina za ka da ita?”

“Kasuwar Shuwarin. Gobe ba za ta kwana a gidan nan ba.”

“Me ta yi maka?”

“Ba ita ta yi ba, ni na yi.” Ya ci gaba da kwance igiyar. “Shekara nawa ina ɗauke miki goshi daga ƙasa da hannuna, ina jin daɗi wai ina kula da ke.”

Ta saki kafaɗar 'yarta, ta taka da kanta har inda yake, tafiyar da ta yi mata wuya ƙwarai, ta kama igiyar.

“Baffan Adawiyya, ni na sha furar nan, na san abin da ke cikinta. Ba nono kaɗai ba ne. Kuma likita bai ce in bari ba, cewa ya yi in jinkirta. Ka mayar da ita turke. Ko so kake Lado ya ce tatsar ma ta gagare ka?”

Ya yi wata 'yar dariya wadda rabinta kuka ne, ya mayar da igiyar. Malamai sun yi magana mai yawa a kan wanda ya nufi alheri ya kuskure hanya, kuma na karanta abin da Allah ya hore mini daga ciki, amma ban taɓa ganin an yi wa mas'alar sharhi kamar yadda matar nan ta yi a gindin turke ba.

Daga nan tsarin gidan ya sauya. Da asuba yakan kawo mata ƙwaya da ruwa a moɗa, yana kawar da kai kamar mai ba da abin kunya. Idan hantsi ya yi, sai ya kawo ƙwaryar. Sauƙi bai zo da gaggawa ba. Sanyin ya fara tafiya, sannan barcin, sannan murya ta dawo. Damina ta sauka, kowa yana jiran gwiwoyi su ƙage kamar yadda suka saba, ba su ƙage ba. Ta fara zagaya gida da sanda, daga baya ta fara mantawa da sandar a jikin bango. Duk wannan lokaci a kujera take salla, kusa da rairayinta, wanda Baffa Sale ke sharewa yana sabunta shi daga rafi ko da yake babu mai hawansa sai kaji.

Wata safiya da kaka, an fara yankan gero, yana tsugune yana tatsa sai ya ji takunta a bayansa. Ta saba idan ta idar da sallar walaha ta zauna a kujerarta ta jira shi, don haka ya ce ba tare da ya juyo ba, “Yau kuma yunwa ce ta hana ki haƙuri?”

Ya juyo. Tana tsaye ba sanda, tana haki kaɗan, zanenta da ƙura a daidai gwiwoyi. A tsakiyar goshinta akwai farin rairayi manne, ba ta share ba, ta taho da shi tun daga gindin darbejiya don ya gani.

Shi ya ba ni wannan labari da bakinsa, kuma ya ce bai san lokacin da ƙwaryar ta karkace ba, sai da ya ji ɗumin madara a ƙafarsa.

Ta ce, “To, ka zubar. Sai ka sake tatso wani, yau na biya kuɗin furata.”

Adda Rabi'atu ba ta koma siririya ba, ba ta kuma sake kai fura Takur ba. Wasu ranakun gwiwar takan motsa ta koma kujera, ba ta kuma jin nauyin hakan kamar da. Amma mafi yawan sallolinta na shekarun da suka rage mata a kan rairayin nan ta yi su, tana sauka a hankali tana dafa dutse, tana daɗewa har kaji su dawo gefenta. Da Allah ya karɓi abarsa, matan da suka yi mata wanka sun ce sun sami 'yan ƙwayoyin rairayi a gefen gashinta.

Allah ya sanya ƙasar da ta so ta zama mai sauƙi a gare ta, ya yalwata mata makwanci, ya saka wa Baffa Sale da gwargwadon niyyarsa, ya ba mu ikon kai goshinmu ƙasa tun gaɓoɓi suna amsawa. Amin.